Minti Biyar na Baba Hedimasta

Fiddausi tana hura gawayin dutsen guga mijinta Salisu ya sake jefo mata tambayar, karo na uku ke nan tun da aka idar da sallar asuba.

"Kin tabbata saƙon nan ya isa?"

"Haba Maigida, ai na gaya maka. Na faɗa wa Inna, Inna kuma ta ce ta faɗa wa Baba."

"Me kika ce wa Innar?"

Ta shimfiɗa farar rigarsa a kan zani, ta yayyafa mata ruwa, ba ta ɗago kai ba. "Na ce kun yaba da jawabin Baba ƙwarai da gaske, sai dai malamin naku mutum ne mai rowar lokaci."

"Ita kuma me ta ce masa?"

"To ni ina wurin? Da dai na zo tahowa na ji yana cewa, 'Madalla, Allah ya yi wa yaron nan albarka.'"

Salisu ya dafe kai da hannu biyu. Abin da ya aike ta da shi gidan iyayenta a Lambata ranar Laraba, da goyo a baya, cikin wannan wahalar mota, bai wuce numfashi ɗaya ba: jawabin ya yi tsawo, a rage. Ga shi maganar ta hau mota tana gargaɗi, ta sauka tana yabo, har ta samo masa albarka a hanya. Bai ga laifin Fiddausi ba. Wace 'ya ce za ta dubi uwarta ta ce ubanta ya cika dogon zance?

Shekarar Salisu talatin da huɗu, akawu ne mai buga tafireta a wata ma'aikata a Abuja. Kullum ƙarfe biyar da rabi na safe yana bakin titi ana kokawar shiga bas, ba ya sake ganin Suleja sai an kira isha'i. Ranar Asabar, da sauran mutane ke miƙe ƙafa, shi sai ya ɗauki littafi ya nufi wata makarantar sakandare a bayan gari, inda wata jami'a ta buɗe wa ma'aikata karatun ƙarshen mako. Difloma ce ta shekara biyu, amma yajin aiki ya ja ta kamar danƙo, ga shi ana cikin ta huɗu. Ba son karatu ne ya kai shi ba. Ya dai gaji ne da ganin yaran da ya koya wa saka takarda a tafireta suna zama shugabanninsa, shi kuwa yana nan a mataki na shida kamar an kafa shi da ƙusa.

Kwas ɗaya ya rage masa, kwas ɗin sadarwa. Ba jarrabawar takarda ake yi ba. Ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, mutum huɗu-huɗu, su tsaya gaban aji su gabatar da jawabi da Turanci, wanda bai yi magana ba kuwa ya faɗi. Bara, ranar da za a yi, Oga ya kira shi ofis da sassafe don wata takarda ta gaggawa, sannan rashin man fetur ya tsare shi a Abuja har la'asar. Dokar makaranta kuma a fili take: wanda ya faɗi kwas ɗin nan sau biyu, an sallame shi. Daga Fiddausi sai abokinsa Dogara, ba wanda ya san yau ce damarsa ta ƙarshe. Ya ma sa Fiddausi ta yi masa alkawari ba za ta kai zancen gidansu ba.

Gidansu kuwa shi ne matsalar. Mahaifinta, Malam Bamalli, hedimastan wata firamare ce a Lambata, saura masa shekara guda ya yi ritaya, shi ma ya shigo karatun don a ƙara masa mataki kafin a lissafa fanshonsa. Tun da Salisu ya auri Fiddausi, shekara shida ke nan, bai taɓa cin ko gyaɗa a gaban dattijon ba, bai taɓa duban ƙwayar idonsa ba. Zancensu bai wuce "Ina kwana, Baba," da "Lafiya lau, ya iyali?" ba, shi ma a tsugune. A aji, Baba Hedimasta, kamar yadda kowa ke kiransa, yana zama a bencin gaba, Salisu kuma a can ƙurya ta baya, an zauna lafiya. Sai ranar da malamin kwas ɗin, Dakta Nnabuike, ya sa aka yi ƙidaya don raba rukuni, daga gaba zuwa baya, ɗaya zuwa goma, ɗaya zuwa goma. Baba Hedimasta ya ce shida. Ƙidaya ta zagayo ta zagayo, ta zo kan Salisu, ya buɗe baki ya ji kansa yana cewa shida. An gudu ba a tsira ba.

"Ga rigar," in ji Fiddausi. "Ka sha kokon nan ko kaɗan ne."

Ya kurɓa sau biyu ya ajiye. Ya naɗe takardarsa cikin leda saboda hadari, ya fita.

Da ya isa makaranta ya tarar da sauran biyun a gindin mangwaro. Ngozi, nas ce a wani asibiti mai zaman kansa, haifaffiyar Suleja, Hausa a bakinta kamar ruwa, ta taho kai tsaye daga aikin kwana, idanunta jawur. Dogara kuma ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Gawu Babangida, mutum mai sanyin magana, wanda sai ya auna kalma kafin ya sake ta.

"Ina surukin naka?" Ngozi ta tambaya tun kafin gaisuwa.

"Ai na ɗauka tare za su zo da Dogara."

"Ni a garin nan na kwana," in ji Dogara. "Na ji an ce babu motoci a hanyarmu tun jiya."

Ngozi ta yi tsaki. "Wato yau ma babu gwaji. Malam Salisu, ka ji ni da kyau. Gwajin farko minti goma sha huɗu ya yi. Na biyu goma sha shida. Kafin ya gama gaida Dakta da ɗalibai da tsuntsayen da ke kan rufi, ni na riga na yi wa mutum uku allura. Na ce masa Baba ya yi tsawo, ya yi mini murmushi ya ce, ''Yar nan, magana ai sai da shimfiɗa.' Kai ne mai ƙararrawa. Minti biyar na cika, ka kaɗa. Abeg, don Allah."

"Zan kaɗa."

"Dube ni ka faɗa."

"Na ce zan kaɗa," ya ce, yana duban takalminsa.

Shi wannan tsari na ƙararrawa na Dakta ne. Kowane rukuni minti ashirin, kowane mutum biyar. Mai jawabi ba zai dubi agogo ba, mutane zai duba, kuma ba zai zauna ba sai ya ji ƙararrawa. Wanda zai yi magana a ƙarshe shi ake ba ƙararrawar ya zauna a tebur na gefe, don a cewar Dakta ba wanda ya kai shi jin zafin lokaci. Ya ce wannan shi ne dukan darasin aiki tare: ka ba ɗan'uwanka amanar agogonka. A rukuni na shida kuwa ba a ma yi shawarar jeri ba. Wa zai yi magana kafin dattijo? Wane suruki ne kuma zai sa kansa a gaba? Baba Hedimasta ya zama na farko, Salisu na ƙarshe, ƙararrawa ta faɗo hannunsa.

Ƙarfe tara aka fara. Ajin ya cika da manyan mutane a kan bencin yara, gwiwoyi sun tokare tebur, fanka a tsaye don an ɗauke wuta. Dakta Nnabuike ya shigo da jakarsa mai ɓallallen zif. Shi ma da ganinsa ka ga gajiyayye, tafiyar awa bakwai yake yi daga babbar jami'ar duk bayan mako biyu. Ya cire agogonsa ya ajiye a gabansa, ya ce rukuni na ɗaya.

Tun kafin a yi nisa aka ga ba da wasa ya zo ba. A rukuni na biyu, wani Lukuman ya gama abin da ya haddace a minti uku ya koma ya zauna, Dakta ya ce, a gaban kowa, rabin makinsa ya tafi. A rukuni na huɗu abokan rukunin wata Lami suka cinye lokaci, minti ashirin ya cika tana tsaye da takarda a hannu ba ta ce uffan ba. Dakta ya rubuta abin da ya rubuta. Matar nan, mai 'ya'ya biyar, ta fita tana share ido da gefen gyale. Salisu ya bi ta da kallo.

Ana tsakiyar rukuni na biyar Baba Hedimasta ya shigo, babbar rigarsa ta ranar Juma'a duk ta yamutse, gefenta da jar laka. Ashe a bayan a-kori-kura ya zo, a kan buhunan doya. Ya ɗaga wa Dakta hannu alamar ban haƙuri, ya zauna a wurinsa na gaba yana haki. Ba a sami ko damar gaisawa ba aka ce rukuni na shida.

Salisu ya zauna a teburin gefe. Ƙararrawar 'yar ƙarama ce ta hannu, ta tagulla, irin wadda ake kaɗa wa yara su fita hutun tara. Ya kwance agogonsa na roba ya ajiye kusa da ita. Ngozi da Dogara suka tsaya a jikin allo, dattijon ya fito gaba, ya gyara hula, ya gyara murya.

Batun da aka ba su shi ne yadda saƙo ke isa ga jama'a a karkara. Baba Hedimasta ya fara da gaisuwa, amma, abin mamaki, bai daɗe a kanta ba. Ya shiga zancen mai shela da ganga, da limamin da ke sanarwa bayan Juma'a, da ranar kasuwa. Turancinsa irin na mutanen da ne, kowace kalma a goge. Salisu ya kafa wa agogo ido, zuciyarsa ta ɗan kwanta. Minti biyu. Minti uku. A minti na huɗu ya ji motsin takarda, muryar ta tsaya.

"Kamar yadda na faɗa a baya," in ji Baba Hedimasta, ya koma kan mai shela.

To, ga ta nan, Salisu ya ce a ransa. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Minti biyar ya cika. Ya ɗora hannu a kan ƙararrawar, ya ji sanyin ƙarfen. Abu ne na yatsu uku, ɗagawa da girgizawa. Amma sai ya ji ƙarar a kunnensa tun bai kaɗa ba, ya ga mutum arba'in sun juyo suna kallon yaron da ya katse uban matarsa kamar ɗan aji ɗaya. Mutumin da ya ba shi 'ya ba tare da ya tambaye shi nawa ne albashinsa ba. Labarin zai riga mota isa Lambata. Inna za ta ji, Fiddausi za ta ji. Ya ce bari ya bar shi ya kai ƙarshen jimlar nan kawai, sai ya kaɗa.

Jimlar ba ta da ƙarshe. Ta haifi wata, watan ta haifi wata. Minti shida. Minti bakwai. Salisu ya ji kamar ana kallonsa, irin kallon nan da mutum ke ji a gefen fuska ko bai ɗago ba, ya kuma san daga inda yake fitowa. Sai ya yi abin da ya saba yi duk lokacin da surukinsa ya dube shi: ya ƙara sunkuyar da kai.

A minti na tara dattijon yana ba da labarin wani mai shela na ƙauyensu karo na biyu, muryarsa ta fara dushewa. Dogara ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Daga jikin allo Ngozi ta ce, cikin haƙora, "Salisu!" Wasu a baya suka fara ƙus-ƙus. Dakta ya jingina da kujera yana kallon rufi, kamar abin bai shafe shi ba. Salisu yana ganin lambobi na canzawa a fuskar agogo, yana lissafin abin da ya rage, ya san sarai kowane minti da ke wucewa daga nasa ake yankewa. Shekara huɗu na Asabar, da kuɗin makaranta da ya hana su sayen katifa, da daren da ya yi yana haddar takardarsa. Ya ji haushin dattijon, haushi na gaske, ya ji haushin kansa fiye da haka. Gumi ya jiƙa bayan rigar da aka goge da safe. Hannun nan dai yana kan ƙararrawa, ya ƙi ɗaguwa.

A minti na goma sha biyu Ngozi ta tako ta fizge ƙararrawar daga ƙarƙashin hannunsa, ta kaɗa ta kamar gobara ta tashi. Aji ya fashe da dariya. Baba Hedimasta ya tsaya cak a tsakiyar kalma, ya ce, "Na gode," ya koma bencin gaba ya zauna, ya cire hula yana share gumi.

"Agogona dai bai tsaya ba," in ji Dakta.

Saura minti takwas, mutum uku. Ngozi ta shiga zuba nata kamar ana binta, ta tsallake misalai biyu, a minti na huɗu ta yi wa Salisu alama da yatsa, ya kaɗa. Wannan karon hannun bai yi gardama ba. Dogara ya fito. Shi ba ya iya sauri ko da kura ce ta biyo shi. Ya yi magana a kan rediyo a tsanake har minti uku, sannan ya juyo ya dubi Salisu, ya dubi Dakta, ya naɗe takardarsa.

"A nan zan tsaya," ya ce.

"Ba a kaɗa maka ba. Ka san abin da hakan zai jawo maka?"

"Na sani, Dakta."

Ya koma jikin allo. Abin da ya bar wa abokinsa bai cika minti ɗaya ba.

Salisu ya miƙe. Da ya tsaya gaban aji, abin da idonsa ya fara faɗawa a kai shi ne hular surukinsa a bencin gaba. Mai hankali da ya tsunduma cikin maganarsa kai tsaye, ya kwashi abin da zai iya kwasa. Amma tarbiyyar shekara talatin da huɗu ba ta san agogo ba.

"Mai girma Dakta," ya ji bakinsa yana cewa, "iyayenmu da ke wurin nan, 'yan'uwana ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da wannan lokaci." Ya buɗe takarda. "Ni zan yi magana ne a kan abubuwan da ke hana saƙo isa inda aka aike shi. Na farko..."

Dakta ya ƙwanƙwasa tebur da biro. "Lokaci ya cika. Rukuni na bakwai."

Bai ji komai ba daga abin da sauran rukunan suka faɗa. Ngozi ba ta jira an tashi ba. Ta ɗauki jakarta, ta tsaya a kansa ta ce, "Ban taɓa ganin mutumin da aka ba wuƙa da nama ya zauna yana kallonsu ba. Allah ya kyauta," ta fice ta tafi neman barci.

Bayan azahar, da aji ya watse, ya sami Dakta shi kaɗai yana ɗaure takardu da roba. Ya tsaya a bakin tebur.

"Na san ko wane ne shi a wurinka," in ji Dakta, bai ɗago ba. "An gaya mini. Ni ma ina da surukai, ba daga sama na faɗo ba."

"Dakta, na dai fara magana."

"Gaisuwa ka yi. Gaisuwa ba jawabi ba ce." Ya duba wata takarda. "Kai ne mai maimaitawa, ko?"

"Ni ne."

Dakta ya cire tabarau ya murza idanu, ya daɗe yana murzawa. "Matar nan ta rukuni na huɗu, ita ba a ma ba ta ƙararrawar... a'a, an ba ta, ita ma ta kasa kaɗa wa shugabanta na ofis. Na ba ta sifili a gaban kowa. In na ɗaga maka, me zan ce mata?" Ya mayar da tabarau. "Ka rubuta wa hukumar makaranta takardar roƙo. Ban taɓa ganin wanda aka amsa wa ba, amma ka rubuta. Yanzu ka yi haƙuri, mota za ta tafi ta bar ni."

A waje hadari ya haɗo daga gabas, iska na kaɗa ganyen mangwaro. Baba Hedimasta yana tsaye da Dogara a bakin ƙofar makaranta. Salisu ya je ya ɗauki jakar dattijon, kamar kowace Asabar, ya bar su suka yi gaba, shi ya biyo su a baya da taku goma. Haka suka ratsa ta gefen kasuwa, suka tsallaka kwata, har tasha.

Motar hanyar Lambata guda ɗaya ce, tsohuwar bas, saura mutum uku ta cika. Salisu ya miƙa wa kwandasta jakar, ya ja gefe ya tsuguna don yin sallama. Baba Hedimasta bai shiga ba. Ya tsaya yana duban wani mai gyaran taya a can nesa, ya sa hannu a aljihu ya fito da takarda guda ɗaya, a ninke huɗu.

"Dogara," ya ce.

"Na'am, Baba."

"Ka gaya wa abokinka saƙonsa ya iso ni ranar Laraba. Shekarata talatin ina auren uwar matarsa. In ta ce an yaba da abu ƙwarai da gaske, na san abin da ke ƙarƙashi." Ya buɗe takardar, ya nuna wa Dogara. Shafi ɗaya ne, shi ma bai cika ba. "Shafi biyar ne na mayar haka. Sau uku na karanta shi da agogo a gida, minti huɗu da ɗan wani abu."

Dogara ya dubi takardar, ya dubi Salisu da ke tsugune taku biyu daga gare su.

"Ka gaya masa maganata ta ƙare tun da wuri. Amma an ce kada a zauna sai an ji ƙararrawa, kuma ina daga bakin ƙofa na ji ana zancen abin da aka yi wa Lukuman. Na tsaya ina jira, ba a kaɗa ba. Na ce ko ni ne na yi sauri, bari in ƙara kaɗan. Na dube shi. Na sake dubansa. Wallahi har na rasa abin faɗa, harshena ya bushe, ina ta zagaye wuri guda a gaban yara kamar wanda ya taɓu. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Ko ido ya ɗago sau ɗaya, da na yi masa alama."

Salisu ya ƙara sunkuyar da kai. Ya kafa wa ƙasa ido, inda ɗigon ruwan farko ya fara sauka.

Dattijon ya ninke takardar, ya yi ajiyar zuciya. Muryarsa ta yi laushi. "Amma ka ce masa ban riƙe shi ba. Ladabi ne, na sani, gidan kirki ya fito. Kuma gara da abin ya faɗa kansa da ya faɗa kaina. Shi yaro ne, baɗi sai ya sake. Ni ne ba ni da baɗi."

Dogara ya buɗe baki. "Baba, ai shi ma..."

Salisu ya ɗago ya dube shi, ya girgiza kai kaɗan. Dogara ya haɗiye sauran maganar.

"Shi ma me?"

"Shi ma... ya gode, Baba."

"Lambata, Gawu, saura biyu!" kwandasta ya yi ihu yana dukan jikin mota. Dattijon ya tattare rigarsa ya shiga, Dogara ya bi bayansa, ya zauna a bakin taga yana kallon abokinsa kamar zai yi kuka. Aka ja ƙofa da ƙyar.

Baba Hedimasta ya ɗan leƙo. "A gaida iyali. Allah ya kai mu baɗin."

"Amin, Baba," in ji Salisu. "Allah ya kiyaye hanya."

Bai miƙe daga tsugunen ba sai da motar ta fita daga tasha.